Yadda Ake Tsara Aikin Zana Taswirar Ramukan Ma'adinai da Mutum-mutumi

Gabatarwa

Mutum-mutumi, wanda wasu marubuta ke kira saƙago, na'ura ce da aka haɗa wa kwamfuta da kayan gani da na awo, ta yadda za ta iya tafiya ta gudanar da aiki ita kaɗai, ko kuma bisa umarnin wani da ke zaune a nesa. Sunan yakan sa jama'a su zaci wani abu ne mai kai da hannuwa irin na ɗan'adam, alhali kuwa mafi yawan waɗanda ake turawa ƙarƙashin ƙasa sun fi kama da baro, ko ɗan ƙaramin jirgin sama, ko ma gugan da ake zurawa cikin rijiya. Wannan shafi zai yi bayani ne a kan yadda ake tsara aikin tura irin waɗannan na'urori cikin ramukan haƙar ma'adinai domin su auno su, su fito da taswirarsu. An yi shi ne domin amfanin jami'an ƙananan hukumomi, da masu riƙe da sarautun gargajiya, da ƙungiyoyin masu haƙar ma'adinai, da sauran jama'ar da gidajensu ko gonakinsu ke kusa da tsofaffin ramuka. Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe tun daga nan shi ne, zaɓen na'ura ba shi ne farkon aiki ba. Yana zuwa ne bayan an san tambayar da ake son taswirar ta amsa, an kuma san irin ramin da za a shiga.

Asalin Lamarin

A daren 24 ga Yuli, 2002, ma'aikatan haƙar kwal a mahaƙar Quecreek da ke jihar Pensilbeniya ta ƙasar Amurka suna cikin aiki, sai injinsu ya huda bango ya faɗa wata tsohuwar mahaƙa da aka daina aiki a cikinta tun shekarun 1960, wadda kuma ruwa ya riga ya cika. Taswirar da suke aiki da ita ta nuna musu cewa akwai sauran tazarar kimanin ƙafa 300, wato kusan mita 90, tsakaninsu da tsohon ramin. Ashe waɗanda suka yi haƙa a da sun ci gaba da cin ƙasa bayan an zana wannan taswira, ba a kuma shigar da ƙarin a cikinta ba. Miliyoyin galan na ruwa suka kwararo. Mutum tara suka samu suka tsere, wasu tara kuma ruwan ya datse musu hanya a zurfin ƙafa 240.

Masu aikin ceto sun fara huda wata siririyar rijiya mai faɗin kimanin inci 6 daga sama, suka riƙa tura iska mai ɗumi ta ciki, sannan suka haƙa wata mai faɗi wadda aka zura wani keji na ƙarfe ta cikinta. Bayan sa'o'i 77, da asubahin 28 ga Yuli, aka fito da mutanen tara ɗaya bayan ɗaya, dukkansu da rai. Abin lura a nan shi ne, taswirar sabuwar mahaƙar, wadda take daidai, ita ce ta nuna wa masu awo inda za a kafa injin huda a cikin gonar da ke sama. Ke nan a cikin kwana huɗu an ga abin da taswira maras cika ke jawowa, an kuma ga abin da cikakkiya ke iya yi.

Bayan wannan haɗari ne malamai da ɗalibai na Jami'ar Carnegie Mellon da ke birnin Pittsburgh, cikinsu har da William Whittaker da Sebastian Thrun, suka ƙera wata na'ura da suka sa wa suna Groundhog. Nauyinta ya kai kusan kilo 700, kuma an haɗa ta ne da rabin gaba na ƙananan motoci biyu masu ƙafa huɗu irin na shiga daji, ta yadda ba ta da gaba ba ta da baya: idan hanya ta toshe ba sai ta juya ba, sai kawai ta koma yadda ta zo. A ranar 30 ga Mayu, 2003 ta shiga tsohuwar mahaƙar Mathies ita kaɗai, ta yi tafiyar mita 308, ta tarar da wani ƙarfen rufi ya karyo ya gitta hanya, ta yanke shawarar komawa da kanta. A kan hanyar dawowa ta samu matsala, sai da mutane suka sa hannu kafin ta fito, amma ta fito da awon wurin da mutum ba zai yarda ya shiga ba. Tun daga wancan lokaci fasahar ta yi nisa ƙwarai, sai dai matsalolin da Groundhog ta ci karo da su, har yau su ne ke gaban duk mai tsara irin wannan aiki.

A ƙasarmu ma ramukan da ba su da cikakkiyar taswira ba ƙanana ba ne. Akwai tsofaffin mahaƙun kwal na Inugu, inda aka soma haƙa tun zamanin Turawan mulkin mallaka. Akwai tsohuwar mahaƙar kuza ta ƙarƙashin ƙasa a Riruwai, cikin ƙaramar hukumar Doguwa ta jihar Kano. Sannan ga ramukan masu haƙa da hannu, na kuza a ƙasar Jos da na zinari a Zamfara, Neja, Kaduna, Katsina da Kebbi, waɗanda ake nutsawa ƙasa kamar rijiya sannan a karkata gefe ana bin jijiyar ma'adini, ba tare da wani ya taɓa rubuta inda aka nufa ba. Idan ba a manta ba, a watan Nuwamba na 2021 rami ya rufta da masu haƙar zinari a yankin Ɗan Isa na jihar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar, inda aƙalla mutum 18 suka rasu, haka kuma a watan Yuni na 2024 wani ya rufta da ma'aikata da dama a Galkogo, ƙaramar hukumar Shiroro ta jihar Neja.

Yadda Na'ura Ke Zana Taswira a Cikin Duhu

A doron ƙasa mai awo yana dogara ne da na'urar GPS, wadda ke karɓar saƙo daga taurarin ɗan'adam. Wannan saƙo ba ya ratsa dutse da ƙasa, saboda haka da zarar an shiga rami amfaninta ya ƙare. Abin da ke maye gurbinta shi ne na'urar awo da hasken leza. Tana harba siririn haske zuwa bango, ta auna lokacin da ya ɗauka kafin ya dawo, daga nan ta san nisan bangon. Tana yin haka sau dubun dubata a cikin daƙiƙa guda tana jujjuyawa, har ɗigogin da ta tara su fito da siffar ramin: faɗinsa, tsawon rufinsa, ginshiƙan da aka bari, da inda ƙasa ta zube. Ba ta buƙatar fitila, ko da yake akan haɗa mata kyamara da fitila domin ido ya ga tsagewar bango da ruɓewar katako.

Wahalar tana wajen haɗa awon da aka yi a nan da wanda aka yi taku goma a gaba. Dole na'urar ta riƙa zana taswira, a lokaci guda kuma ta riƙa gane inda take a cikin taswirar da ba ta gama zanawa ba. Misalinta kamar baƙon da ya shiga lungunan tsohon birni da dare, yana ƙirga takunsa yana lura da kwanar da ya sha. Kowane taku yana da ɗan kuskure, kuma kuskuren taruwa yake yi. Idan kuskuren kashi 1 cikin 100 ne kawai, bayan tafiyar kilomita guda ya zama mita 10, wanda ya isa ya sa a haƙa rijiyar ceto a inda babu kowa. Baƙon yakan gyara lissafinsa ne idan ya zagayo ya sake cin karo da wata rijiya ko bishiyar da ya wuce ɗazu, haka ma na'ura: idan ta zagayo ta gane wurin da ta riga ta auna, kwamfuta takan gyara dukkan hanyar da ke tsakani. Wannan ya sa mai tsara aiki ya kamata ya shata wa na'ura hanyar da za ta zagayo, a duk inda ramin ya ba da dama. Dogon rami miƙaƙƙe mai santsin bango, wanda ko'ina iri ɗaya ne, shi ya fi rikita ta.

Har ila yau, taswirar ƙarƙashin ƙasa ba ta da amfani sai an ɗaure ta da ta sama. Dole a samu safiyo mai rajista ya kafa turaku na siminti a bakin ramin, ya auna matsayinsu, na'urar ta fara awonta daga gare su. Ta haka ne za a iya ɗora zanen ramin a kan zanen gari, a ce wannan reshe ya bi ta ƙarƙashin makarantar firamare, wancan kuma ya tsaya mita kaza kafin titi.

Tambayar Farko da Binciken Farko

Kafin a yi maganar kuɗi, sai kwamitin aikin ya rubuta a cikin jimla ɗaya ko biyu abin da yake son sani. Shin ana so ne a san ko rami ya shiga ƙarƙashin gidaje? Ko ana so a san nisan da ke tsakanin sabon rami da tsohon da ruwa ya cika? Ko kuwa ana so a san yawan ƙasar da za ta cike ramin ne domin a rufe shi? Kowace tambaya da irin daidaiton awon da take buƙata. Mai son sanin ko rami ya nufi gabas ko yamma ba ya buƙatar awon da ya kai na injiniyan da zai kafa gada a wurin, kuma bambancin kuɗin da ke tsakanin biyun mai yawa ne. Kwamitin da bai tsayar da wannan ba, ɗan kwangila ne zai tsayar masa, kuma galibi zai tsayar da abin da ya dace da na'urar da yake da ita a hannu.

Daga nan sai binciken takardu. Ana iya neman tsofaffin taswirori da rahotanni a Hukumar Binciken Albarkatun Ƙasa ta Nijeriya, wadda asalinta ya faro tun 1919, da Ofishin Rajistar Filayen Haƙar Ma'adinai, da gidajen adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna, Inugu da Ibadan, da kuma ofishin babban safiyo na jiha. Duk taswirar da aka samu, a duba kwanan watan da ke jikinta da sa hannun wanda ya tabbatar da ita, sannan a ɗauke ta a matsayin mafi ƙarancin abin da aka haƙa, domin haƙa kan ci gaba bayan mai zane ya tafi.

Bayan takardu sai mutane, kuma a ramukan haƙa da hannu su ne kaɗai takardar da ake da ita. Tsofaffin leburori da masu rami sun san inda aka karkata, da inda aka taɓa cin ruwa, da inda aka toshe baki da ƙasa bayan wani ya rasu a ciki. A zauna da su a gaban mai unguwa ko dagaci, a ba su dama su zana a ƙasa da tsinke, a kwafe a takarda, sannan a taka da su zuwa wurin. A ganinmu wannan zama ya fi kowane mataki arha, ya kuma fi kowane rage ɓarnar kuɗi, amma shi aka fi tsallakewa, wataƙila don ba ya cikin abubuwan da ake rubutawa a takardar kwangila.

Kowane Rami da Na'urarsa

Na'ura mai taya ko mai sarƙa irin ta katafila ta dace da rami mai faɗi wanda ake shiga ta gefen tudu, mai daɓe da bai lalace sosai ba, kamar manyan mahaƙun kwal. Tana ɗaukar batir babba da kayan awo masu yawa, tana yin sa'o'i tana aiki. Abokan gabarta su ne laka, da tsofaffin layukan dogo, da tarin duwatsun da suka zubo daga rufi. Akwai kuma masu ƙafa huɗu da ke tafiya kamar kare, waɗanda ke hawa tsani da tsallake duwatsu, sai dai suna da tsada da wuyar gyara.

Ƙaramin jirgi maras matuƙi yana shiga inda babu hanyar taya ko kaɗan, musamman manyan kogunan da ake bari bayan an kwashe ma'adini. Kamfanin Flyability na ƙasar Suwizalan yana ƙera wanda aka kewaye da keji domin ko ya bugi bango kada fukafukansa su karye, kamfanin Emesent na Ostareliya kuma yana ƙera na'urar awo mai suna Hovermap da ake ɗaura wa jirgi ya riƙa kauce wa bango da kansa. Raunin jirgi shi ne batir, domin ƙananan ba su cika wuce minti goma da 'yan kai a sama ba, ga shi kuma iskar fukafukansa na tayar da ƙurar da ke rufe masa ido.

Idan ruwa ya cika ramin, sai na'ura mai nutso. Hasken leza ba ya nisa a cikin ruwa mai dauɗa, saboda haka akan haɗa da awo da amsa-kuwwar sauti. Tsakanin 2016 da 2019 Tarayyar Turai ta ɗauki nauyin wani shiri mai suna UNEXMIN, wanda ya ƙera wata na'ura mai siffar ƙwallo, faɗinta kimanin santimita 60, aka gwada ta a tsofaffin mahaƙu a Finlan, Sulobeniya, Fotugal da Ingila. Ta Ingila, wato mahaƙar tagulla ta Ecton, ruwa ya cika ƙasanta tun ƙarni na 19.

Nau'i na huɗu shi ne wanda ya fi shafar yankunanmu, ko da yake ba shi da kwarjini a hoto. Shi ne kan awo da kyamara da ake ɗaure wa igiya a zura ta bakin rami ko ta rijiyar burtsatse da aka huda daga sama. Idan ya isa sarari sai ya tsaya ya jujjuya ya auna duk abin da haskensa ya kai gare shi, a jawo shi, a koma rami na gaba. Masu Groundhog ma sun ƙera irinsa, suka kira shi Ferret, saboda sun lura cewa yawancin tsofaffin mahaƙu bakinsu a toshe yake. Ramin mai haƙa da hannu sau da yawa faɗinsa bai wuce mutum ɗaya ya sauka ba, rassansa kuma sai da rarrafe, ba su da daɓe ba su da ginshiƙi. Na'ura mai kilo ɗari bakwai ba ta da abin yi a nan. Ƙaramar hukumar da aka kawo wa tayin babbar na'ura domin irin wannan rami tana da haƙƙin ta nemi a nuna mata, a gaban idonta, yadda za ta shiga da yadda za ta fito.

Iska, Ruwa da Sadarwa

Iskar da muke shaƙa tana ɗauke da kimanin kashi 21 cikin 100 na oksijin, kuma idan ya sauka ƙasa da kashi 19.5 ana ɗaukar wurin a matsayin mai haɗari ga mutum. A tsofaffin ramuka akwai iskar da ta fi ta sarari nauyi, wadda ke kwantawa a ƙasa ta shaƙe mutum ba tare da wari ba, akwai mai warin ruɓaɓɓen ƙwai mai dafi, akwai kuma hayaƙin janareta da injin jan ruwa, wanda ya sha hallaka masu haƙa. Na'ura ba ta numfashi, amma masu kula da ita a bakin rami suna yi, saboda haka awon iska na farko saboda su ne.

Mahaƙar kwal tana da nata haɗari na dabam, wato iskar metan, wadda ke fashewa idan yawanta a cikin iska ya kai tsakanin kashi 5 zuwa 15 cikin 100 kuma ta samu tartsatsi. Batir da injin na'ura na iya ba da wannan tartsatsi. Don haka na'urar da za ta shiga ramin kwal dole ta kasance wadda aka ƙera musamman aka kuma tabbatar ba ta tayar da wuta, ko kuwa a haɗa mata ma'aunin da zai kashe ta gaba ɗaya tun iskar ba ta kai wannan mizani ba. Dabarar masu haƙa rijiya ta zura fitila domin a ga ko za ta mutu tana da ma'ana a rijiya, amma a ramin kwal ita ce babban ganganci. A wuraren zinari irin na Zamfara kuwa, inda gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a 2010, ƙurar da ta manne wa na'ura da igiya da tufafin ma'aikata guba ce. A wanke su a wurin aiki, nesa da rijiyar sha, kada a kai su cikin gida.

Ruwa ya kashe na'urori da yawa. A watan Nuwamba na 2010, bayan fashewar da ta hallaka mutum 29 a mahaƙar Pike River ta ƙasar Niyu Zilan, na'urar farko da sojoji suka tura ta tsaya bayan kimanin mita 550 saboda ruwa ya shige ta. An ƙera ta ne domin kwance bam a sarari, ba domin rami mai ɗiga ba. A mahaƙar Sago ta Amurka ma, a watan Janairu na 2006, na'urar da aka tura ta maƙale ba ta kai inda ake buƙata ba. A nan gida wannan yana nufin a sa aikin a tsakiyar rani, lokacin da ruwan ƙasa ya ja baya kuma bango ya bushe, ba a cikin damina ko da kaka ba.

Sadarwa kuma hanya uku ce. Ko a ja wa na'ura waya, wadda ke kawo hoto nan take kuma ake iya jawo ta da ita, amma tana sarƙewa a kwana. Ko a yi amfani da rediyo, wanda ke yankewa da zarar an sha kwana ɗaya ko biyu, sai dai in na'urar tana tafiya tana ajiye ƙananan tashoshi a bayanta. Ko kuma a sake ta ta tafi ita kaɗai ta dawo da awon a cikinta. An gwada waɗannan dabaru sosai a gasar da hukumar binciken fasahar tsaro ta Amurka, DARPA, ta shirya daga 2018 zuwa 2021, inda a zagayen ƙarshe da aka yi a wani babban kogo a birnin Louisville mutum ɗaya tak aka yarda ya kula da dukkan na'urorin kowace ƙungiya. Ƙungiyar CERBERUS ce ta lashe kyautar dala miliyan 2. Amma ko ita, daga cikin abubuwa 40 da aka ɓoye, 23 ta gano.

Idan Na'ura Ta Maƙale

Wajibi ne a rubuta amsar wannan tun kafin ranar aiki, kowa ya sa hannu. Dalilin tura na'ura shi ne kada mutum ya shiga. Idan ta maƙale aka ce wani yaro ya sauka ya ɗauro ta saboda tsadarta, an rushe dalilin aikin baki ɗaya. A haɗarin mahaƙar Crandall Canyon ta Amurka a 2007, an zura wata ƙaramar na'ura ta rijiyar da aka huda, kuma a can aka bar ta. Saboda haka a yi yarjejeniya a kan wanda zai ɗauki asara, ko a yi mata inshora, a kuma tsara aikin ta yadda za a riƙa shiga kaɗan-kaɗan ana fitowa ana kwafe awon, domin in ta salwanta kada ta tafi da aikin mako guda.

Izini, Ma'aikata da Kuɗi

Tsarin mulkin 1999 da Dokar Ma'adinai da Haƙar Ma'adinai ta 2007 sun ɗora mallakar ma'adinai a hannun Gwamnatin Tarayya. Don haka ƙaramar hukuma ba za ta shiga rami da na'ura bisa raɗin kanta ba. Sai ta tuntuɓi jami'in ma'adinai na tarayya da ke jihar, da kwamitin kula da albarkatun ma'adinai da muhalli na jiha wanda dokar ta tanada, da kuma mai riƙe da lasisin filin idan akwai shi. Idan za a tashi jirgi maras matuƙi a sarari domin ɗaukar hoton saman filin, wannan yana buƙatar izinin Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama da amincewar ofishin mai ba da shawara kan harkokin tsaro na ƙasa. A yankunan da ke fama da matsalar tsaro, shawarar jami'an tsaro ita ce gaba da komai.

Ma'aikatan da ba a yi sai da su su ne injiniyan haƙar ma'adinai, wanda shi ke da ikon cewa a tsaya, da safiyo, da mai sarrafa na'ura, da mai aikin kwamfuta da zai mayar da ɗigogin awo su zama taswirar da hakimi zai iya karantawa. Ana samun masu irin wannan ilimi a Cibiyar Nazarin Haƙar Ma'adinai da ke Jos, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, da jami'o'in da ke koyar da fannin. A ƙara da mutum biyu ko uku daga cikin masu haƙar wurin, a biya su ladan aikinsu. A kuma yi wa jama'a bayani tun da wuri cewa na'urar ba ta ganin zinari a cikin dutse, sarari kawai take aunawa, domin jita-jitar cewa gwamnati ta kawo injin gano zinari za ta iya tara ɗaruruwan mutane a bakin ramin da ake tsoron ruftawarsa.

Game da kuɗi, na'urorin nan daga waje ake shigo da su, da kuɗin waje, haka ma kayan gyaransu da lasisin manhajar da ke sarrafa awon, wanda sau da yawa duk shekara ake sabuntawa. Ga aikin rami ɗaya ko biyu, ɗaukar hayar ƙwararru da kayansu ya fi saye, in ba haka ba na'urar za ta ƙare a sito batir ya mutu. A cikin kasafi kada a manta da janareta ko faranti mai amfani da hasken rana domin cajin batir, da shingen da zai hana jama'a matsowa, da katakon da za a shimfiɗa a bakin rami domin kada nauyin ma'aikata ya zubar da gefensa, da kuɗin huda rijiyoyin leƙe idan ana buƙatarsu. A yi gwaji na farko a wurin da aka riga aka san awonsa, kamar babban kwalbati ko rijiyar da ta ƙafe, a gwada abin da na'ura ta bayar da abin da tef ya bayar, kafin a biya kaso na biyu na kuɗin kwangila.

Karɓar Taswira da Ajiye Ta

Taswirar da za a karɓa ta ƙunshi kwanan watan awo, da sunan safiyon da ya tabbatar da ita, da matsayin turakun da aka ɗaure ta da su. Abu mafi muhimmanci, ta bambanta wurare uku da launi dabam-dabam: inda na'ura ta auna da kanta, inda aka samo daga tsohuwar takarda ko bakin dattawa, da inda aka ga rami ya ci gaba amma ba a iya shiga ba saboda ruwa ko zubewar ƙasa. Farin wuri a taswira ba ya nufin ƙasa ce mai ƙarfi. A kewayen duk reshen da ba a ga ƙarshensa ba, injiniya ya shata tazarar da ba za a yi gini ko sabuwar haƙa a cikinta ba sai an huda an leƙa.

A karɓi awon na asali a cikin ma'ajiyar kwamfuta, ba zanen takarda kaɗai ba, domin wani injiniya ya iya sake dubawa nan gaba. A buga kwafi masu girma, a ajiye ɗaya a sashen ayyuka na ƙaramar hukuma, ɗaya a fadar hakimi, ɗaya a ofishin babban safiyo na jiha, ɗaya kuma a wurin jami'in ma'adinai na tarayya, a rubuta a cikin rajista inda kowane yake da sunan ofishin da ke riƙe da shi. A binciken da ya biyo bayan haɗarin Quecreek, an gano cewa akwai wata taswirar tsohuwar mahaƙar da ta fi wadda ma'aikatan suka yi aiki da ita cika, tana ajiye a wani gidan tarihi na garin Windber, cikin wannan yanki. Inda kuma ake ci gaba da haƙa, a sa ranar sake awo a cikin yarjejeniya, a rubuta ta a jikin taswirar.